Darasi na Shida: Yadda Ma'aikacin Lafiya Zai Kare Kansa Daga Jini da Tsinin Allura

A watan Janairun 1969 wata ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka mai suna Laura Wine, da ke aiki a asibitin mishan na garin Lassa a Jihar Borno ta yanzu, ta kwanta da wani zazzaɓi da ya ƙi jin magani. Aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa Jos, can ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta a Jos, tana da ɗan rauni a yatsa lokacin da take goge mata baki. Ita ma ta kamu, ita ma ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, an kai ta Amurka ta sha da ƙyar. Da shekara ta zagayo, likitar asibitin Jos, Jeanette Troup, ta yanke a yatsa tana binciken gawar wani da cutar ta kashe, ba ta tashi ba. Zazzaɓin Lassa da muke jin labarinsa a rediyo duk rani, ta kan ma'aikatan asibiti duniya ta fara saninsa.

Bayan shekara hamsin abin bai canza zani ba. A Janairun 2020 likitoci biyu suka rasu a Kano sakamakon wannan cuta, bayan aikin tiyata da aka yi wa wata mai juna biyu wadda ba a san tana ɗauke da ita ba. A Legas kuwa, a 2014, Dakta Stella Adadevoh ta hana Patrick Sawyer, wanda ya shigo da cutar Ebola daga Laberiya, fita daga asibiti. Ta tsare garin, amma ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta na shekarar. Mutum 20 ne suka kamu a Nijeriya a wancan karon, kuma fiye da rabinsu ma'aikatan lafiya ne.

Wannan darasi na duk wanda hannunsa ke taɓa mara lafiya ko abin da ya fito daga jikinsa ne: nas, ungozoma, malamin asibitin sha-ka-tafi, ma'aikacin ɗakin gwaji, mai allurar riga-kafi, mai kemis da ke yin allura, mai wankin zannuwan gado, da mai shara.

Fuska ba ta nuna cuta

Kuskuren da ya fi yawa a wuraren aikinmu shi ne zaɓen wanda za a yi hattara da shi. Idan aka kawo ramamme mai tari, kowa sai ya nemi safar hannu. Idan alhaji ne ya shigo da babbar riga yana ƙamshin turare, ko matar maƙwabci ce ta zo haihuwa, sai a saki jiki. Ƙwayar cuta ba ta san wannan bambanci ba. Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma akasarinsu ba su sani ba, suna harkokinsu garau. Ke nan idan ka ɗebi jinin mutum hamsin a mako, da wuya a ce babu mai ita a cikinsu.

Saboda haka ƙa'idar aikin guda ɗaya ce, sauran duk rassanta ne: jinin kowa, da ruwan haihuwa, da mugunya, da amai, da duk wani ruwan jiki, a ɗauka yana iya ɗauke da cuta har a gama aiki da shi. Wannan ba zargi ba ne ga mara lafiya, kuma ba ƙyama ba ce. Hasali ma shi ne ke kawar da ƙyamar, domin idan kowa ana sa masa safa, wanda aka sa wa ba zai ji an ware shi ba.

Allura

A nan za mu daɗe, don nan ne aka fi samun rauni.

Cututtuka uku ne aka fi tsoro idan allurar da aka yi wa wani ta soki ma'aikaci. Mutane sun fi jin tsoron ƙanjamau, amma lissafin masana ya nuna ita ce mafi wuyar kamawa ta wannan hanya: idan allurar ta fito daga jikin mai ita, kimanin mutum 3 cikin 1,000 ne ke kamuwa. Ciwon hanta nau'in C ya kai kimanin 2 cikin 100. Nau'in B kuwa, ga wanda bai yi riga-kafi ba, yana iya kaiwa 30 cikin 100. Ƙwayarsa tana rayuwa a busasshen jini a kan tebur ko almakashi har kwana bakwai. Wanda aka fi rainawa shi ne ya fi saurin kamu.

Yaushe allura ke sukar mutum? Ba kasafai take suka lokacin da ake yin ta ba, domin a lokacin ido da hankali suna kanta. Bayan an zare ta ne. Ku kalli abin da hannu ke yi: sirinji a hannun dama, murfi a hagu, ana ƙoƙarin saita tsini cikin rami wanda bai kai faɗin ƙwayar gero biyu ba. Yaron da aka yi wa allurar yana ta shure-shure, uwarsa na tambayar yaushe za ta dawo, an ɗauke wuta, wani na haska maka da fitilar waya. Tsinin ya kuskure murfin, ya shiga babban yatsa. Duk wanda ya daɗe a aikin nan ya ga haka, ko a kansa ko a kan abokin aiki.

Maganin abin shi ne kada a mayar da murfin kwata-kwata. Ana zare allura, a jefa ta tare da sirinjinta cikin akwatin zubar da allura, wancan kwali mai ruwan ɗorawa da ake kawowa tare da kayan riga-kafi. Kada a lanƙwasa ta, kada a karya ta, kada a cire ta daga jikin sirinji da hannu. Akwatin kuma ya kasance inda hannu zai kai ba tare da an tashi ba. Idan yana can bayan ƙofa, to za a ajiye allurar a kan tire ko a soke ta a katifa da niyyar a dawo a ɗauka, kuma sau da yawa ba wanda ya ajiye ne ke tsintarta ba. Idan dole ta sa sai an rufe, misali an ɗebi jini za a kai wani ɗaki, a ajiye murfin a kan tebur, a zura tsinin ciki da hannu ɗaya, sai ya shiga sannan a danna. Ɗaya hannun ya tsaya nesa.

Akwatin ma yana da iyaka. Idan ya kai kashi uku cikin huɗu, a rufe shi a kai wurin ƙonawa. Za ku ga inda ake dannawa da yatsa don a samu wurin ƙarin guda biyu, ko a zazzage shi a sake amfani da shi saboda ba a kawo sabo ba. Dukansu ganganci ne. Inda babu kwalin, jarka mai kauri da murfi ta fi leda nesa ba kusa ba, muddin an rubuta a jikinta abin da ke ciki.

A ɗakin tiyata da ɗakin haihuwa akwai ƙarin abu biyu. Ba a miƙa wuƙar tiyata ko allurar ɗinki hannu da hannu; a ajiye a cikin tasa, ɗayan ya ɗauka. Kuma lokacin ɗinki, ba a tare tsini da yatsa, da abin kamawa ake riƙe nama.

Sai maganar mai shara, wanda sau da yawa shi ne ba a kira wurin horo, ba a ba shi safa mai kauri, ba a yi masa riga-kafi. Allurar da nas ta jefa cikin kwandon shara da ƙarfe biyun dare, shi za ta soka da asuba lokacin da ya rungumi ledar zai kai bola. Bai san jikin wa ta fito ba, don haka ba ma a iya gwada mai ita. A ganina, duk asibitin da kake son sanin yadda ya ɗauki lafiyar ma'aikatansa, dubi hannun mai shararsa da takalminsa. Shi ya sa ake raba shara tun daga inda aka yi ta: baƙar leda don tarkace irin na gida, mai ruwan ɗorawa don abin da ya taɓa jini ko ruwan jiki, kwali don duk abu mai tsini ko kaifi, har da fasassun kwalaben allura.

Idan ta riga ta soke ka

A bar abin da ake yi, a miƙa wa wani. A wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu. Idan babu famfo, wani ya zuba maka da buta. A bar jinin ya fita da kansa. Kada a matse, kada a tsotsa da baki, kada a zuba Jik ko wani abu mai ƙuna, domin yana ƙara lalata naman wurin ne kawai. Idan jini ne ya fantsama a ido ko baki, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta na mintuna da dama.

Daga nan sai a faɗa wa shugaban sashe nan take. Wannan mataki shi ne aka fi tsallakewa, kuma dalilan sanannu ne. Ɗaliba tana tsoron a ce ba ta iya aiki ba. Babba yana jin kunyar a ce shi da ya shekara ashirin. Wani yana gudun gwajin ƙanjamau, kada a gano abin da bai shirya ji ba, ko labari ya bazu a asibiti. Wani kuma ya ce Allah ne ke tsarewa, ya goge yatsa ya ci gaba. Allah ne ke tsarewa, babu shakka, kuma maganin da ke cikin kabad ɗin asibitin yana cikin sababan da Ya ba mu.

Ga yadda zancen ya kamata ya kasance:

"Sista, allura ta soke ni yanzun nan, wadda na yi wa mai gado na huɗu."

"Kin wanke?"

"Na wanke da sabulu."

"To ajiye komai, zo mu je ɗakin gwaji. Kin yi allurar hanta?"

"Sau ɗaya aka yi mini a makaranta."

"Za mu faɗa wa likita haka. Faɗa kuma sai gobe, in ma akwai shi."

Abin da ya sa ake gaggawa shi ne akwai maganin da ke hana ƙwayar ƙanjamau kama jiki bayan ta shiga, amma yana da wa'adi. An fi so a fara shi cikin sa'o'in farko, kuma bayan sa'a 72 ba ya da amfani. Ana shan sa kullum har kwana 28 ba fashi. Yana iya sa tashin zuciya ko kasala a kwanakin farko, wasu su yar da shi a mako na biyu, wanda hakan ɓarnar wahala ce. Kafin a fara, za a gwada ma'aikacin don a san matsayinsa, a kuma nemi izinin mara lafiyan a gwada shi. Idan sakamakon zai ɗau lokaci, ba a jira, a fara sha tukuna. Bayan an gama akwai gwajin bibiya da likita zai sa rana. Wanda allura ta soka ranar Juma'a da yamma ya ce bari sai Litinin, ya cinye kusan duk wa'adinsa a zaune.

Ga ciwon hanta nau'in B, wanda bai yi riga-kafi ba ko bai kammala ba za a fara masa nan take, wani lokaci a haɗa da wata allurar kariya ta gaggawa idan akwai ta. Nau'in C ba shi da riga-kafi, sai dai bibiya da gwaji. Idan ya bayyana, yanzu akwai ƙwayoyin da ke warkar da shi cikin kimanin wata uku.

Riga-kafin ciwon hanta

Allura uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida da yin ta farko. Sai a 2004 Nijeriya ta shigar da ita cikin riga-kafin yara, don haka duk wanda aka haifa kafin nan kada ya ɗauka an yi masa yana jariri. Da yawa sun yi ta farko lokacin wani gangami suka manta da sauran. Ku binciki katinku a wannan makon.

Hannu da safa

A 1847 wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Ignaz Semmelweis, ya lura cewa masu jego sun fi mutuwa a ɗakin da likitoci ke karɓar haihuwa bayan sun fito daga binciken gawa. Ya sa su wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen suka ragu ƙwarai. Abokan aikinsa da yawa ba su yarda da shi ba, don ba sa son a ce hannunsu ne ke kisa. Har yau wanke hannu ne abin da kowa ya sani kuma aka fi sakaci da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade lokuta biyar: kafin a taɓa mara lafiya, kafin aiki mai buƙatar tsabta kamar sa allurar ƙarin ruwa ko wankin ciwo, bayan taɓa ruwan jiki, bayan taɓa mara lafiya, da bayan taɓa gadonsa ko kayan da ke kewaye da shi. Da sabulu da ruwa, daƙiƙa 40 zuwa 60. Da man goge hannu mai sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, daƙiƙa 20 zuwa 30, amma idan ana ganin datti ko jini a hannun, sai dai ruwa da sabulu. Roba guda da kowa ke tsoma hannu a ciki tun safe ba wanke hannu ba ce. Bokiti mai famfo ya fi. A rage farce, a cire zobe da agogo, a rufe duk wani rauni da filasta kafin a fara aiki. Ku tuna yatsan Charlotte Shaw.

Safa kuwa ta mutum ɗaya ce, aiki ɗaya. Wanda ya sa safa tun safe yana taɓa wannan, ya taɓa wancan, ya ɗauki biro, ya amsa waya, ya gyara hijabi ko hula, ya kare tafin hannunsa ne kawai ya shafa wa kowa da komai, har da fuskarsa. Kuma safa ba ta hana allura shiga.

Wurin cire kayan kariya ne aka fi kwasar cuta, saboda a lokacin an gaji, zafi ya dami mutum, yana so ya sha iska. A fara da safa, a kama ta daga waje a juyo cikinta, a wanke hannu. Sai rigar leda, a naɗe ta ɓangaren da ya ɓaci yana ciki. Sai gilashin ido. Takunkumi ne ƙarshe, a kama shi ta igiya ba ta gaba ba. A sake wanke hannu.

Haɗa ruwan kulorin

Wannan lissafi ne da ya kamata kowa ya iya, har mai shara. Idan jini ya zube a ƙasa ko a gadon haihuwa, ana buƙatar ruwan kulorin mai ƙarfin 0.5 cikin 100. Ku dubi jikin kwalbar sinadarin kulorin da kuke saya. Idan an rubuta 3.5 cikin 100, to ma'auni ɗaya nata za a zuba a ma'auni shida na ruwa: kofi ɗaya da kofi shida, da kofi guda za a auna duka. A sa safa, a rufe jinin da tsumma ko takarda, a kwashe, a zuba ruwan a bar shi kamar minti goma kafin a goge. Mai sauƙi, wato 0.05 cikin 100, wanda ake jiƙa zannuwa da shi, ana samunsa ne idan aka ɗebi ma'auni ɗaya na wancan haɗin aka ƙara ma'auni tara na ruwa. Kullum ake haɗa sabo, domin zafi da hasken rana suna kashe ƙarfinsa. Kada a gauraya shi da wani sinadarin wanke bayi, yana tayar da iska mai shaƙe numfashi.

Zazzaɓin da ya ƙi jin magani

Mu koma kan Lassa. Wani nau'in ɓera mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da ƙwayar, yana zubar da ita a fitsari da kashi a kan hatsi, garin kwaki da abincin da aka bari a buɗe. Daga mutum zuwa mutum kuwa ta jini da ruwan jiki take bi, shi ya sa asibiti ya zama wurin haɗari. Ta fi tashi da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, kuma jihohin Ondo, Edo, Bauchi da Taraba ne suka fi fama da ita. Tana iya ɗaukar har kwana 21 kafin ta bayyana. Kimanin mutum 80 cikin 100 ba sa jin jiki sosai, kuma farkonta ba ya bambanta da zazzaɓin cizon sauro ko taifot. Zubar jini da mutane ke jira su gani ba kowa ke yi ba, kuma idan ya zo an riga an makara.

Don haka idan an ba da maganin zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta, kwana biyu zuwa uku jiki bai sauka ba, musamman ga ciwon maƙogwaro, amai, ko mai ciki da ke zubar da jini, a kawo Lassa a rai. A keɓe mara lafiyan, a rage masu shiga wurinsa, a rubuta sunan duk wanda ya taɓa shi, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, tana da lambar kira kyauta, 6232. Wanda ya taɓa shi ba kariya za a riƙa auna zafin jikinsa har kwana 21. Ma'aikacin da ya ji zazzaɓi a cikin waɗannan kwanaki kada ya tsaya yi wa kansa magani a gida, al'adar da ta yi mana yawa. Maganin da ake bayarwa ya fi aiki idan an fara shi da wuri.

Abin da ke wuyan mai asibiti

Duk abin da aka faɗa a sama yana buƙatar kaya: safa, sabulu, ruwa, kwali, haske. Samar da su nauyin mai wurin ne, gwamnati ce ko ɗan kasuwa. Ba daidai ba ne ungozoma ta riƙa sayen safa da albashinta, ko a ce sai mijin mai naƙuda ya je kemis ya sayo kafin a taɓa ta. Idan kaya sun ƙare, a rubuta a takarda da kwanan wata, a miƙa, a ajiye kwafi. Ƙorafin baki a ɗakin hutu ba ya zama hujja.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ta shafi rauni da cutar da aka samu ta dalilin aiki. Ta nemi ma'aikaci ya sanar da wanda yake yi wa aiki cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Wanda allura ta soka bai rubuta ko'ina ba, idan ciwo ya bayyana bayan wata shida, ba shi da abin da zai nuna cewa a bakin aiki ya same shi. Kowane sashe ya kamata ya mallaki littafin da ake rubuta irin wannan: rana, lokaci, irin allurar, aikin da ake yi, da matakin da aka ɗauka.

Aikin aji

1. Kwalbar da ke hannunka an rubuta 3.5 cikin 100. Kana son cika bokiti da kofi 14 na haɗin goge jini. Kofi nawa na sinadarin za ka zuba, kofi nawa na ruwa?

2. Allura ta soki abokin aikinka da ƙarfe tara na daren Juma'a, ya ce kada ka faɗa wa kowa. Ku kasu biyu-biyu, ɗaya ya zama shi, ɗaya ya yi ƙoƙarin shawo kansa.

3. Idan ka koma wurin aikinka, tsaya inda ka saba yin allura ka miƙa hannu. Ya kai ga akwatin zubar da allura? Tambayi kuma inda ake ajiye maganin kariya daga ƙanjamau da wanda ke riƙe da makullin da dare. Ka zo da amsar a darasi na gaba.